Wai ta ina intanet ɗin jami'a yake bi ya fita waje?

Ɗan_Hostal:
Salam 'yan uwa, don Allah masana kwamfuta ku fitar da ni duhu. Jiya da daddare ina laburare, wifi ya cika taf, shafin makaranta na duba sakamako yana buɗewa nan take, amma YouTube sai juyawa yake ta yi har cajin wayata ya ƙare ban sauke lakca ko ɗaya ba. To in intanet ya ɗauke ta yaya shafin makaranta yake aiki? Abin ya dame ni wallahi, ga jarrabawa saura sati biyu.

Injiniya_Kano:
Wa alaikumus salam ƙanena. Abu biyu kake haɗawa. Wifi ɗin da ka kama na cikin gida ne, daga na'urar nan da ke manne a silin ɗin laburare wayar kebul ta tafi suwic, wato akwatin da ke tattara wayoyin na'urorin ginin, daga nan fayiba, wato wayar gilashi mai ɗaukar saƙo da haske, ta bi ƙarƙashin ƙasa har ɗakin ICT, wato sashen kula da kwamfuta da sadarwa, inda manyan kwamfutocin makaranta suke, to in a nan aka ajiye shafin naku ko an yanke ku da duniya zai buɗe. Fita waje kuwa sai ta babbar rawuta, ita ce ƙofar gidan, tana haɗe da kamfanin da makaranta ta sayi layi a wurinsa, shi kuma ya ja har Legas inda wayoyin ƙarƙashin teku suke sauka, irin su MainOne da Glo-1 tun 2010, WACS 2012, Equiano na Google 2022. Ka tuna 14 ga Maris 2024 da guda huɗu suka lalace ta wajen tekun Kwaddibuwa har bankuna suka rikice? Daga can ne, ba daga makarantu ba.

Maman_Ilham:
Gaskiya ne Injiniya. Ni a ɗakin ICT na yi SIWES, wato koyon aiki na ɗalibai, sanyin AC kamar firij, fitilu kore suna ta ƙyafta ido, rannan sai ta layin waje ta koma ja, ashe katafilar masu gyaran titi ce ta tsinke fayiba, kwana uku ɗalibai na zagin ma'aikata bayin Allah alhali ba laifinsu. Kuma ko ba a tsinke ba layin da aka saya yana da iyaka, dubban ɗalibai kan bututu ɗaya bayan isha'i dole ya shaƙe.

Malam_Zariya:
Ku ƙara da NgREN, hanyar sadarwar jami'o'in Najeriya, an ƙaddamar da ita 2014 ta haɗa jami'o'in tarayya 27 da junansu, daga nan zuwa WACREN, irinta ta Afirka ta Yamma da ta Tsakiya mai hedikwata a Accra, har GÉANT, irinta ta Turai. Ni abin da ke min ciwo jami'a ta dogara da kamfani ɗaya tal, ya kamata a samu layi biyu ta hanya daban-daban, ɗaya ya faɗi rawuta ta karkata zuwa ɗayan.

Ɗan_Hostal:
Allah ya saka da alheri, yanzu na gane. Bari na gwada bayan asuba kafin mutane su tashi, in ya ƙi na leƙa ICT na tambaya ko layin waje ne.