Ganyen darbejiya: da ruwa zan jiƙa ko da itanol?

Dalibar_Kemistiri:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu aikin lab ku agaza min, furojet ɗina na ƙarshe a kan ganyen darbejiya ne, ana so in ciro sinadaran da ke ciki in gwada su a kan bakteriya. Na shanya shi a inuwa na daka ya yi laushi, to yanzu kaina ya kulle, wasu na cewa in tafasa da ruwa kawai, wasu sun ce in sa a Soxhlet (na'urar gilashi da ke dafa sinadarin jiƙo yana zagayawa ta cikin garin) da metanol. Wanne ya fi? Sannan in na ɗiga Dragendorff (ruwan gwajin dangin sinadaran alkaloyid) na ga kalar ruwan lemo shi ke nan na gano sinadarin da ke aikin?

Malam_Lab:
Wa alaikumussalam ƙanwata. Abin da kika jiƙa da shi shi ke zaɓar miki abin da zai fito. Ruwa tanin da saponin da sukari yake kwasowa, heksen kuma mai da kakin ganye, itanol yana tsakiya shi ya sa aka fi son sa. Amma ni zafin nan nake jiye miki, don Soxhlet awanni yake yi yana dafa abin da ya taru a ƙasan kwalbar, in sinadarin ba ya jure wuta ya tafi ke nan. Ki duba labarin Tu Youyou ta ƙasar Sin, ita da abokan aikinta sun yi ta tafasa tazargade sakamakon yau ya yi gobe bai yi ba, sai da ta koma amfani da ether, wato sinadarin nan da ke tafasa tun a wajen digiri 35, sannan abin ya kama, suka ware artemisinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, a 1972, ta ci Nobel a 2015. Don haka ki jiƙa garin a itanol kashi 70 na awa 72 kina girgizawa, ki tace, ki ƙafar da shi kar zafin ya wuce digiri 40. Ki auna nauyin garin kafin ki fara da na abin da ya rage a ƙarshe, za a tambaye ki ranar difens.

Maman_Hanifa:
Batun Dragendorff kuwa a'a wallahi. Iyakarsa ya nuna miki wataƙila akwai dangin alkaloyid, ba zai faɗi sunan kowa ba, kuma wani sa'in ma yana ba da kalar alhali babu su. Haka kumfar saponin, haka baƙi-baƙin da ferik kulorayid ke yi da tanin. In gano mai aikin kike so sai ki ɗiga a farantin TLC (farantin da ke rarraba sinadarai tabo-tabo) ki haska da fitilar UV a nanomita 254 da 365 ki ga tabo nawa ne, ki raba a kolom na silika (bututun gilashi mai raba sinadarai kaso-kaso), kowane kaso ki sake gwada shi a kan bakteriyar, wanda ya kashe ki bi shi ki ƙara tacewa har ya zama tsantsa, daga nan sai NMR, na'urar da ke nuna tsarin sinadarin. Kuma don Allah kar ki ajiye a robar filastik, na sha ganin sakamakon GC-MS (na'urar tantance sinadarai) an jero phthalate, sinadarin tausasa roba, wai daga ganye ya fito, alhali robar ce ta saki.

Dalibar_Kemistiri:
Na gode ƙwarai Allah ya ƙara ilimi. Sai dai injin rotari namu na ƙafar da jiƙo ba ya aiki, zan iya ɗorawa a kan ruwan ɗumi?

Malam_Lab:
Za ki iya, jinkiri ne kawai, ki sa ma'aunin zafi a ciki kuma nesa da wuta. Ki tabbata itanol ɗin ya tashi duka fa, don shi kansa yana kashe bakteriya, ki ware rami ɗaya a farantin bakteriyar ki sa abin da kika narkar da shi zalla don kwatance. In kuma azadirachtin, sinadarin darbejiya mai maganin ƙwari, malaminki ke nema ki gaya masa a ƙwallon ya fi yawa, ganye kaɗan ne.