Neman kalma: me za mu kira "screening" kafin gobe?

Malamar Tudun Wada: Assalamu alaikum. Gobe 4 ga Fabrairu, Ranar Cutar Daji ta Duniya, zan yi wa matan Islamiyyarmu bayani bayan la'asar. Alamomin na tsara su: ƙullutu a nono ko hammata, jini bayan daina al'ada ko bayan saduwa, tarin da ya haura mako 3, rama ba dalili, gyambon da ya ƙi warkewa. Abin da ya kakare min shi ne "screening", gwajin da ake yi wa mai lafiya tun alama ba ta fito ba.

Ɗan Samaru: Riga-kafi mana, Malama.

Ma'aikaciyar jinya: A'a ƙanena, a kunnen mata riga-kafi allura ce. Ga ta HPV, ƙwayar cutar da ke jawo dajin bakin mahaifa, da Najeriya ta fara a 2023 don 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, sai su haɗa su wuri guda. Malama, ki ce awo. Mai ciki lafiyarta ƙalau take zuwa awo. Awon nono, awon bakin mahaifa.

Baba Malam: Tsinkaye, daga tsinkaya, hango abu tun yana nesa. Kuma ku bar cewa daji, sankara ce asali. Saboda sunan nan mutane ke cewa daji ba ya son ƙarfe, a yi ta shafe-shafe. Ƙanwata wata takwas tana ɓoye ƙullutu, sai da ya fashe muka kai ta asibitin koyarwa na Shika.

Malamar Tudun Wada: Allah ya ba ta lafiya, Baba.

Bakano: Amin. Amma a rediyon Kano daji ake cewa, kuma Hausar Kano ce ma'auni.

Baba Malam: Yaro, sashen nazarin Hausa na Jami'ar Ahmadu Bello a Kano yake? Kamfanin ɗab'i na Gaskiya fa? Ai duk na Zariya ne. Tsinkaye dai.

Ma'aikaciyar jinya: Ranka ya daɗe, tsohuwar Ƙofar Doka ba za ta gane tsinkaye ba. Malama, ki jaddada musu: wadda ta ga alama kada ta jira ranar awo, ta ga likita a makon nan, ko ba ciwo. Ba kowane ƙullutu ne daji ba, amma gwaji ne ke bambancewa.

Ɗan Samaru: Bazawara ta ce za ta awo, unguwa ba za ta ɗauka ciki gare ta ba?

Malamar Tudun Wada: Wannan ya dame ni. Zan ce "awon lafiyar nono da mahaifa", in ambaci daji da sankara duka.

Baba Malam: Ya yi tsawo. Ki yi da shi gobe, amma ki rubuta tsinkaye a gefen allo.