Jamhuriyar Zango: Ina Za a Gina Fada?

Malamin Ƙofar Mata, Kano:
Salamu alaikum ma'abota waƙa. Wasan wannan mako: a ce an haɗa Hausawan da ke zaune a zangunan duniya an yi musu ƙasa guda. Babu ita a taswira, mu za mu gina ta da baiti. Na buɗe fage.

Da sunan Allah zan fara,
Mai kai bawa inda Ya tsara,
Ƙasa ce yau za mu ƙirƙira,
Sunanta Jamhuriyar Zango.

Ba ta da tuta, ba ta da soja,
Ba wani kwastan mai kama haja,
Iyakarta daga Makka har Gwanja,
Duk inda goro ya je, nan Zango.

Madugu gaba, jakai na baya,
Kanwa da tufafi cikin kaya,
Salaga za a je goro a saya,
Wasu ba su dawo ba, sai Zango.

To abin tambaya, 'yan uwana,
Fadar ƙasar ina za mu gina?
Ni dai Kano na zaɓa, garina,
Don ita ce uwar kowane Zango.

Goggon Nima, Akra:
Malam, da girman rawaninka, ban yarda ba.

Malam, Allah ya ƙara girma,
Amma zancenka akwai gardama,
Wanda bai taɓa kwana a Nima
Ina ya san zaƙi da ɗacin Zango?

Malam Baƙo ya yanki fili,
Nan Akra ya kafa asali,
Ya yi masallaci, ya tara iyali,
Har gobe ana ce masa Sabon Zango.

Da asuba ina bakin titi,
Koko a tukunya, ƙosai a faranti,
Mutanen Ga har da na Ashanti
Layi suke bi don kokon Zango.

Kakata ta ba mu labari
Na korar baƙi da tashin gari,
Mako biyu aka ba su, ba shiri,
Aka sai da gida kuɗin bargo.

Waɗanda suka koma Arewa,
Gida ya zama kango, babu kowa,
"'Yan Gana" ake ce musu da tsiwa,
Da ƙura ta lafa suka dawo Zango.

Don yaran da ba su sani ba: Nuwamban 1969 nake nufi, zamanin gwamnatin Busia a Gana, da aka ce duk baƙon da ba shi da takarda ya fita.

Ɗan Tasha, unguwar Sabo, Ibadan:
Goggo, zancenki ba shi da musu,
Amma mu ma mun yi irin nasu,
A 1983 muka kore su,
Shaidarmu jakar gana-mas-go.

Fada kuwa a kawo ta Sabo,
Tun 1916 muke cin rabo,
Shanu su sauka, goro a ɗebo,
Mu ne dillalan dukkan Zango.

Tsohon garin Mai Wurno, Sudan:
Ku gafarce ni 'ya'yana, karin nan naku ya yi mini sauri. Zan bi nawa, baiti bibbiyu.

Ku neman goro ya kai ku yamma,
Mu namu kakannin sun yi hijira.

Sarkin Musulmi Attahiru ya fita,
Ya ƙi zama ƙarƙashin Nasara.

A Burmi ya faɗi, 1903,
Ɗansa Mai Wurno ya ja saura.

Gabas suka dosa da niyyar Makka,
A gaɓar Nilu aka ce a ɗan jira.

Jiran nan yau ya fi shekara ɗari,
Mu muka tsinki audugar Jazira.

Agashenmu ake ci a Hartum,
Amma da baƙi ake mana kira.

A 2022 kan rigimar ƙasa,
An kashe manya, an kashe yara.

Kafin hawayen Damazin su bushe,
Soja ya kama soja, mu ke asara.

Ƙasar nan taku in za ta tabbata,
Ku fara ba mu gona, fada ta jira.

Malamin Ƙofar Mata:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Baba, Allah Ya ji ƙan mamata,
Ya kawo ƙarshen wannan wuta,
Ku taho Kano, ga Ƙofar Mata
A buɗe take ga mutan Zango.

'Yar Birkitiri, Yawunde:
Amin ga addu'ar. Amma Malam, a yi mini afuwa, yarinya za ta sa baki.

Faɗin "ku dawo" ba shi da wuya,
Amma nan aka binne min cibiya,
Nan babana yake gashin suya,
Kano na san ta a kalandar bango.

Faransanci na yi a makaranta,
Takardar Kamaru nake da ita,
In na zo biki ku ce "ji Hausarta",
Nan kuma a ce mini 'yar Zango.

In na taho, ɗakin wa zan buɗe?
Wa zai ba ni gado, wa zai ba ni hakuɗe?
Kabarin kakana yana Yawunde,
Ni ba na barin sa ya zama kango.

Ɗan Tasha:
Ƙanwata, mene ne kuma "hakuɗe"? Amsa-amo ne ya matse ki kika ƙago?

'Yar Birkitiri:
Yaya, shi ne. A sabuwar ƙasa muke, wa zai kama ni?

Direban Agadas:
Iyayena, ni ba malami ba ne, ɗan mota ne. Ga abin da nake gani ran Litinin idan ayari zai tashi.

Ku kuna batun kaka da kakanni,
Ni ina ganin 'yan wannan zamani,
Bayan Hilux, da jarka, da rawani,
Sai Libiya, ba madugu, ba zango.

Kowa da sanda tsakanin ƙafa,
Ya riƙe gam kar mota ta jefa,
Mai sa'a ya kai Dirku, ya sha, ya lafa,
Marar sa'a rairayi ne bargo.

A 2015 aka hana mu ɗauka,
A 2023 aka soke doka,
Hanya ba ta daina cin rayuka,
Wa zai sa su a rajistar Zango?

Goggon Nima:
Direba ɗana, wanda ya tsira,
Ka ba shi kwatance ya zo Akra,
Akwai tabarma, akwai fura,
Haka aka karɓi kakana a Zango.

Sarkin Zango zai masa iso,
A sama masa dako ko wankin kwano, in yana so,
In ya mutu mu yi masa wanka da soso,
Mu sallace shi a masallacin Zango.

Malam kuma, maganar Kano ba ta wuce ba, ni ban sa hannu ba. Mutanen Kumasi ko baiti ɗaya ba su jefa ba tukuna, kuma ka san ba za su yarda a yi fada ba da su ba.

Malamin Ƙofar Mata:
To Goggo, a aika musu. Na Jidda da na Njamena ma a taɓo su, ina nan da ragowar baitocina.