Maigida ya bar mini kifin ruwan gishiri, wa ya san shi?

Mai Kula Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aikin kula da wani gida a nan Garwa, arewacin Kamaru. Maigidan Bature ne, rashin lafiya ta mai da shi Faransa, kuma ya aiko cewa ba zai dawo ba. Ya bar akwatin gilashi na kifi mai ruwan gishiri, wanda da kansa yake haɗa ruwan. Ƙananan kifi biyu da ke ciki sun ɓace, ko gawarsu ban gani ba, saura babban kaɗai. Tsawonsa ya kai taƙi guda, jikinsa zane-zane ne ja da fari, fikafikansa a baje, a gadon bayansa akwai dogayen ƙayoyi. Ba ya gudu, sai ya tsaya cik yana kallon mutum. Masunta na gaɓar Binuwai sun ga hotonsa, ba wanda ya san shi. Ƙarshen wata za a karɓi gidan, ni kuma ba na son rai ya salwanta a hannuna. Wane kifi ne, kuma ina zan kai shi?

Ɗan Lagdo:
Wa alaikumus salam. Malam, me zai hana ka sake shi a Binuwai? Ai ruwa gidan kifi ne.

Malamar Kimiyya Marwa:
A'a ɗan'uwa, kifin teku ba ya rayuwa a kogi, mutuwa zai yi. Malam Mai Kula, kafin komai, don Allah kada ka sa hannu a akwatin nan. Yadda ka siffanta shi, Pterois volitans ne, wanda Faransawa ke kira rascasse volante. Asalinsa tekun Pasifik da gabashin tekun Indiya. Ƙayoyinsa 18 ne masu dafi: 13 a baya, 5 a ƙasan jiki. Sukarsa ta fi ta kurungu zafi nesa ba kusa ba. In ya soki mutum, a tsoma wurin cikin ruwan zafi daidai wanda fata za ta jure, kamar digiri 45, tsawon minti 30 zuwa 90, sannan a tafi asibiti. Ƙananan kifin nan kuwa shi ya haɗiye su, duk abin da ya shiga bakinsa abinci ne.

Yanzu batun ruwa, don nan ne rayuwarsa take. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, amma ba gishirin miya ba ne. Duba cikin kayan maigida, za ka ga buhu ko bokitin gishiri na musamman. In ruwan ya ragu saboda zafi, ruwa ne ya tafi, gishirin yana nan, saboda haka ruwan kwalba zalla za ka ƙara har ya koma inda yake. Na famfo yana da sinadarin kulorin, yana kashe kifi. Zafin ruwan ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27. Da zafin Garwa, ka daskarar da ruwa a gora, ka rufe ta sosai, ka bar ta tana yawo a sama. In an ɗauke wuta, riƙa ɗiban ruwan da kofi mai dogon mariƙi kana kwararo shi daga sama don iska ta shiga. Abinci kuma jatan lande ko ɗan yankan kifi, sau biyu ko uku a mako.

Baban Hanifa Duwala:
Malama ta gama magana. Ni dai roƙona kada wani ya ce a jefa shi teku a Kiribi. Irinsa aka fara gani a gaɓar Fulorida ta Amurka a shekarun 1980, yau ya cika tekun Karibiyan yana cinye ƙananan kifi. Ka nemi mai akwatin ruwan gishiri babba, lita 400 ko sama. A Duwala ko Yawunde aka fi samunsu, zan tambaya maka a shagunan kifin ado. In an samu, a hana shi abinci kwana biyu kafin tafiya, a kama shi da roba mai murfi, don raga tana sarƙe ƙayoyin. Jirgin sama ya fi, hanyar Gaundare da jirgin ƙasa ta yi masa nisa.

Mai Kula Garwa:
Allah ya saka muku da alheri. Malama, na samu bokitin gishirin a ɗakin ajiya, na kuma hana yara zuwa kusa da akwatin. Baban Hanifa, ina jiran kiranka, ni ma yau zan nemi maigida ya biya kuɗin jirgin.