Wata takwas ina salla ba ɗanɗano

Baƙon Dare:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata takwas ke nan ina salla kamar mai biyan bashi. Ba na fashi, amma sai in sallame ban san surar da na karanta ba.

Abin da ya ɗaure min kai, bara motarmu ta lalace da dare tsakanin Makka da Madina. Ba gida gaba ba gida baya, sai baƙaƙen duwatsu da rairayi. Ɗan ruwan da ya rage na sha ne, sai na yi taimama, har yau ina jin sanyin ƙasar nan a tafin hannuna. Raka'a biyu na yi, na sha kuka kamar yaro. Yanzu ga ruwa ga darduma mai laushi, zuciya ta bushe ƙamas. Anya ba fushi ake da ni ba?

Uwar Biyu:
Wa alaikumus salam ƙanena. Tuna Nana Hajara. Annabi Ibrahim ya bar ta da jinjiri a kwarin da Suratu Ibrahim, aya ta 37, ta ce ba ya da shuka. Da ta ji umarnin Allah ne, ta ce to ba zai tozarta su ba. Amma ba ta naɗe hannu ba. Safa zuwa Marwa kusan mita 450 ne, sau 7 ta yi zarya, duk hawan da ta yi ba ta hango kowa ba. Zamzam kuma ba a kan dutsen da take leƙe ya fito ba, can wajen yaron ya ɓulɓulo. Shekarar da na rasa maigidana, ni ma zaryar kawai na iya. Ban daina ba dai.

Ɗalibin Zaure:
Ɗan'uwa, ba kanka farau ba. Sahabi Hanzala ya kai ƙarar kansa da munafunci, don in ya bar majalisin Manzon Allah (SAW) ya koma cikin iyali sai yanayin ya gushe. Sayyidina Abubakar ya ce shi ma haka. Amsar da suka samu, kamar yadda Muslim ya ruwaito: da za su dawwama a wancan hali, da mala'iku sun riƙa musabaha da su a kan hanya, amma lokaci bayan lokaci ne.

Mai Gaskiya Ɗaci:
Ku yi haƙuri in ɓata hira. Malam, a dajin nan wayarka na da sabis? Na san amsar. Ba rairayin ne ya sa ka kuka ba, shirun ne da tsoro. In kuma barci da cin abinci ma sun gagara, ka ga likita, wannan ba raunin imani ba ne.

Baƙon Dare:
Kin sa ni hawaye Yaya, Allah ya jiƙan maigida. Mai Gaskiya Ɗaci kuwa ka kama ni, cajin ma ya ƙare a daren. Yau da asuba a falo na bar wayar. Ban ji komai ba tukuna, amma na san Wadduha na karanta.