Dattawan da na zo koya wa ba sa karanta boko, ina zan samu Sabon Alkawari da ajami?

Salama, 'yan'uwa cikin Ubangiji. Ikilisiyarmu ta turo ni Sudan daga Najeriya don horar da wasu dattawa masu jin Hausa, yanzu ina Port Sudan. Na taho da Littafi Mai Tsarki na Hausa da darussa a kan wasiƙun Bulus zuwa ga Timoti da Titus, duk da boko. Ashe mutanen nan Hausa a baki kawai take, karatunsu duka da Larabci suka yi. Wani dattijo ya buɗe littafin daga dama, ya juya, ya miƙo mini abina.

Mun koma fassarar Larabci ta Van Dyck, ta 1865. Suna karantawa sumul, amma Larabcin ya yi musu tsauri, ni kuma nawa bai wuce na kasuwa ba, sai darasin ya zama fassara kan fassara. Na gwada rubuta ayoyi da ajami a waya, madannin Larabci ba shi da ɓ da tsa, balle wasalin "e", har ɓata da bata suka zama abu ɗaya. Na rubuta da hannu irin na makarantar allo, harafin fa da ɗigo a ƙasa, su kuwa a sama suka san shi, suka rikice. Karatun murya na manhaja kuma intanet ba ya barin mu, wuta ma sai an dace.

Akwai wanda ya san inda zan sauke Sabon Alkawari na Hausa da ajami, mai cikakken wasali, wanda za a iya bugawa a takarda?