Neman kalma: me za mu kira "malpractice"?

Mai shirin rediyo: Salamu alaikum. Ƙarfe huɗu zan shiga situdiyo. Shirin yau a kan majinyacin da aka ji wa rauni wurin tiyata ne, da wanda zai biya kuɗin jinyar da ta biyo baya. Takardar da nake fassarawa cike take da "malpractice". Na sa "kuskuren likita", amma hankalina bai kwanta ba.

Nas: Kada ka sa kuskure. Ba duk abin da ya ɓaci a ɗakin tiyata ne laifin likita ba. Jini kan ɓalle, ciwo kan yi ruwa, ko da an bi ƙa'ida tsaf. Wannan tsautsayi ne, kuma ana faɗa wa mutum kafin ya sa hannu a takardar amincewa. Amma a ɗinke ciki an bar ƙyallen tsane jini, alhali ƙirga su ake yi kafin a fara da kafin a rufe? Wannan sakaci ne.

Lauya: Sista ta yi daidai. Kotu abu huɗu take nema: likitan yana da nauyin kula da kai, ya gaza yin abin da ƙwararre irinsa zai yi, gazawar ce ta jawo raunin, kuma akwai asara. A shari'ar Bolam, Ingila, 1957, an yi wa mutum jinyar ciwon ƙwaƙwalwa da lantarki mai sa jiki jijjiga, ba a ba shi maganin sassauta tsoka ba, ya karye a ƙugu, kuma bai ci shari'ar ba, domin wasu ƙwararrun likitoci ma haka suke yi a lokacin. Kalmar da za ka sa ita ce "sakacin likita".

Tsohon malamin Hausa: Kalma biyu don fassara ɗaya? Lalaci ne. Ku ce "ɓata-jinya", ginin hana-salla da dafa-duka. Shekara da shekaru nake koyar da ita.

Nas: Allah gafarta Malam, majinyacin da ya ƙi shan magani ma ai ya ɓata jinya.

Tsohon malamin Hausa: Ke dai. "Likita" ɗin da kuke riƙe da shi daga ina ya zo? Daga bakin Bature. Asibiti ma haka. Kun ƙoshi da aro, an ba ku naku kuna yatsina.

Ɗalibi: To mu ce "sakacin boka" kenan, Malam?

Tsohon malamin Hausa: Yaro, digirinka nawa?

Lauya: Malam, aro ba gazawa ba ce. "Lamuni" daga Larabci muka samo shi, kuma kalmar da ya fito daga ita ce ta zo a hadisin da ya ce wanda ya yi magani ba a san shi da ilimin magani ba, shi zai lamunta. Wa ya taɓa cewa lamuni ba Hausa ba ne?

Mai shirin rediyo: Jama'a, uku saura kwata. To biyan kuɗin fa? In ce diyya?

Lauya: Diyya za ta kai tunanin mai sauraro ga rai ko gaɓa. Kuɗin sake tiyata da albashin watannin kwanciya su ne batunka. Ka ce "alhakin biyan asara". Kuma sau da yawa ba daga aljihun likitan yake fita ba, asibiti ko inshora ke biya.

Ɗalibi: Alhaki kuma sai a ji kamar zunubi.

Nas: A ji ɗin.

Mai shirin rediyo: Na ɗauki "sakacin likita", tsautsayi ga abin da ba laifin kowa, ganganci in da saninsa ya yi. Na biyan kuɗin zan yi masa bayani da jimla guda. Na gode.

Tsohon malamin Hausa: Yi yadda ka ga dama. Amma ka ambaci ɓata-jinya ko sau ɗaya ne, ka ji abin da masu kiran waya za su ce.